Ho andato ko sono andato? Amsoshin tambayoyinku kan shuɗaɗɗen lokaci a Italiyanci

Wasiƙun da suka iso filin koyon harsuna a wannan wata daga masu karatunmu na Kaduna kusan duk wuri ɗaya suka dosa, wato yadda ake faɗin abin da ya wuce da Italiyanci. Mun zaɓi shida, mun taƙaita wasu. A yawancinsu mun lura mai tambaya yakan ɗauki maganarsa ta Hausa ya kai ta Turanci, sannan ya ratso da ita Italiyanci, a hanya kuwa rabinta ke zubewa. Sau da yawa tahowa daga Hausa kai tsaye ya fi kusa, ko da yake akwai inda Hausar ma take kai mutum ta baro, za mu zo wurin.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina shirin jarrabawar CILS matakin B1, ta jami'ar baƙi da ke Siena. Na rubuta "Ieri ho andato al mercato", malamarmu ta intanet ta soke ho ta sa sono. A layi na gaba na rubuta "ho mangiato", ba ta taɓa shi ba. Mene ne laifin na farkon? Daga wani ɗalibi, Unguwar Rimi.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ruwa ba ya tsami banza, malamarka tana da gaskiya. Lokacin da ka yi amfani da shi sunansa passato prossimo, shi ne daidai da "na ci, ka ci, ta ci" namu, kuma da kalma biyu ake gina shi: mataimaki, sannan wata siga ta aikatau da ake kira participio passato. Sigar ba ta da wuya. Aikatau mai ƙarewa da -are a ƙamus sai ya koma -ato, kamar parlare ya zama parlato. Mai -ere ya koma -uto, vendere ya zama venduto. Mai -ire ya koma -ito, dormire ya zama dormito.

Mataimakin ne guda biyu, a nan gizo ke saƙar. Akwai avere, mai tafiya ho, hai, ha, abbiamo, avete, hanno. Akwai essere, mai tafiya sono, sei, è, siamo, siete, sono.

Gwajin farko daga nahawun Hausa na sakandare za ka ɗauko shi: aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau. Ka faɗi aikin da Hausa, ka tambayi kanka "me?" ko "wa?". Na ci me? Tuwo. Na sayi me? Takalmi. Na ga wa? Yayana. Duk aikatau da ya amsa wannan tambaya avere yake ɗauka: ho mangiato, ho comprato, ho visto. "Na tafi me?" kuwa ba magana ba ce, shi ya sa ho andato ya faɗi.

Sai dai kada ka ɗauka duk ƙi-karɓau na essere ne. Barci, dariya, aiki, magana, duk avere suke bi: ho dormito, ho riso, ho lavorato, ho parlato. 'Yan gidan essere su ne masu nuna tashi daga wani wuri ko isa wani wuri, da zama wuri ɗaya, da sauyin hali. Hanya mafi sauƙi ta riƙe su ita ce ka ba da labarin tafiya Abuja a jirgin ƙasa, daga gidanku har ka dawo. Sono uscito di casa, na fita daga gida. Sono andato a Rigasa, sono arrivato alla stazione, sono entrato, sono salito sul treno. Il treno è partito, jirgi ya tashi. Sono sceso a Idu, na sauka a Idu. Sono rimasto due giorni, na yi kwana biyu a can. Sono tornato, na dawo. Ka ƙara musu venire, cadere, restare, stare da shi kansa essere, sai na haihuwa da mutuwa da zama wani abu: sono nato a Kaduna, è morto, è diventato medico.

A cikin wannan tafiyar akwai rami guda. "Na yi tafiyar awa biyu" ho viaggiato per due ore ne, "na taka da ƙafa" kuma ho camminato. Motsi ne, amma ba su ambaci inda aka nufa ba, aikin tafiyar kawai suka faɗa. Correre ma kan wannan layin yake rabuwa biyu: ho corso per un'ora, na yi gudu na awa ɗaya, amma sono corso a casa, na ruga gida.

Wasu kuma baki biyu gare su, kamar yadda muke cewa "na ƙare aiki" da "aiki ya ƙare". Ho finito il lavoro, amma il lavoro è finito. Ho cominciato la lezione, amma la lezione è cominciata. Haka cambiare da passare. Ruwan sama kuwa an yi maka rangwame, è piovuto da ha piovuto duk karɓaɓɓu ne, ko a Agusta ka faɗi wanda ya zo bakinka.

Saura biyu da masu jarrabawa ke son kama ɗalibi da su. Duk aikin da mutum ya yi wa kansa, irin masu ƙarewa da -si a ƙamus, essere ne ba makawa: ho lavato la macchina, na wanke mota, amma mi sono lavato, na yi wanka, har ma mi sono lavato le mani duk da ga karɓau a gaba. Na biyu piacere: mi è piaciuto il riso. Italiyanci ba ya cewa ka so shinkafar, cewa yake ita ce ta yi maka daɗi, saboda haka ita ce mai aikin.

Tambaya: Ina sayo takalma da jakunkuna daga wani dillali a Napoli, da WhatsApp muke magana. Na rubuta masa "sono arrivato a Kano", ya dawo yana kirana Signor, ya zaci namiji ne. Sannan da na tambayi kayana ya ce "le ho spedite ieri", alhali littafina spedito ya koya mini. Kuskure ya yi? Daga wata Hajiya, Malali.

Amsa: Hajiya, bai yi kuskure ba, kuma abu ɗaya ne ya haɗa tambayoyinki biyu. Ki duba yadda muke cewa dafaffen nama, dafaffiyar shinkafa, dafaffun ƙwai. Kalma ɗaya ce, amma tana sauya wutsiya gwargwadon jinsi da adadi. Participio passato ɗan'uwan wannan kalmar ne, har ma ana amfani da shi haka: cotto, cotta, cotti, cotte. Bambancin kawai, jam'inmu ɗaya ne, nasu biyu, -i na maza, -e na mata. In maza da mata suka haɗu, -i ake bi, ko da namijin ɗaya ne cikin mata goma.

Idan mataimakin essere ne, wutsiyar tana bin mai aikin. Ke sono arrivata za ki rubuta. Ke da ƙanwarki, siamo arrivate. Ke da Alhaji, siamo arrivati. Shi ma in zai tambaye ki cikin girmamawa zai ce "Signora, è arrivata?". Kaya ma haka: il pacco è arrivato, la borsa è arrivata, le scarpe sono arrivate.

Idan avere ne, wutsiyar ba ta motsi, mace da namiji duk ho comprato. Sai a wuri ɗaya, shi ne wanda dillalinki ya taɓo: in aka cire sunan kayan aka sa wakilin suna lo, la, li ko le kafin mataimaki, to wutsiyar sai ta bi kayan. Ho spedito le scarpe, na aiko da takalman, amma le ho spedite, na aiko da su. I sandali, li ho spediti. La borsa, l'ho spedita. Il pacco, l'ho spedito. Ki lura lo da la suna haɗewa su zama l'ho, saboda haka wutsiyar ce kaɗai ke gaya miki jaka ake nufi ko ƙunshi. Li da le ba sa haɗewa. A harkar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in kin yi odar jaka da takalma ya ce l'ho spedita, jakar kaɗai ya turo.

Kalmar Italiyanci ne, mai nufin "daga cikinsu", ita ma tana jan wutsiya: quante borse? Ne ho comprate venti. Takalmi ƙafa ɗaya un paio ne, namiji, amma jam'insa paia mace ne, don haka dieci paia, ne ho comprate dieci.

Akwai wani le kuma mai nufin "mata" ko "gare ta", shi ba ruwansa da wutsiya: le ho scritto, na rubuta mata, le ho telefonato, na buga mata waya. In kika ga le ho scritte, wasiƙu ne aka rubuta su.

Tambaya: Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, ina koyon Italiyanci da dare bayan aiki. Na iya sarrafa imperfetto a takarda, amma ban san lokacin da zan ce parlavo da lokacin da zan ce ho parlato ba. A Turanci duk abu ɗaya nake gani. Daga wata 'yar'uwa, Barnawa.

Amsa: 'Yar'uwa, ajiye Turancin tukuna, a nan ba zai yi miki rana ba. Hausa ba ta cika damuwa da yaushe abu ya faru ba, ta fi damuwa da ko ya kammala ko yana cikin gudana, kuma wannan ne ainihin abin da ya raba lokutan nan biyu. Inda za ki ce "na yi" ko "sai na yi", passato prossimo ne. Inda za ki ce "ina yi", "a da ina yi" ko "nakan yi" game da abin da ya wuce, imperfetto ne.

"Ina cin abinci sai aka ɗauke wuta": mentre mangiavo, è andata via la luce. "Ina yarinya nakan je makarantar allo kullum da safe": da bambina andavo alla scuola coranica ogni mattina. Bayanin yanayi, shekaru, ƙarfe nawa, halin da mutum ke ciki, duk nan suke: faceva freddo, ana sanyi, avevo dieci anni, erano le sei. A wurin aikinki: il paziente aveva la febbre, gli ho dato la medicina. Zazzaɓin shi ne halin da kika tarar, ba da maganin shi ne abin da ya auku.

Ga masu karatu da ba su kai inda kika kai ba, sarrafa shi ita ce mafi sauƙi a harshen. A cire -re, a ɗora -vo, -vi, -va, -vamo, -vate, -vano: parlavo, vendevo, dormivo. Masu bauɗewa 'yan kaɗan ne: essere yana ba da ero, eri, era, eravamo, eravate, erano, fare facevo, dire dicevo, bere bevevo. A kula da inda murya ke dannawa a na "su": parLAvano ake cewa, ba parlaVAno ba, alhali na "mu" parlaVAmo ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zaci duk abin da ya daɗe imperfetto ne. Tsawo ba shi ne ma'auni ba, iyaka ce. In aka ƙayyade lokacin, an rufe shi, passato prossimo ne ko shekara talatin ce. Hausa ma haka take yi: "na zauna a Zariya shekara uku" muke cewa, ba "ina zama" ba. Ho abitato a Zaria per tre anni. Ha avuto la febbre per tre giorni, ya yi kwana uku yana zazzaɓi, an wuce wurin. Haka in an ƙirga: sono andata tre volte, na je sau uku. Amma abitavo a Zaria da tre anni quando mi sono sposata, ina da shekara uku a Zariya na yi aure, nan zaman bai ƙare ba lokacin da auren ya zo.

Yanzu ga inda Hausa ke yaudara. Muna cewa "na sani", "na san shi", "na gaji", "na ƙoshi" da sigar abin da ya wuce, alhali halin yanzu muke nufi. Wanda ya ɗauke su kai tsaye zai yi ɓaranɓarama. "Na sani" lo so ne, "na san shi" lo conosco, "na gaji" sono stanca, duk a lokaci mai ci. Ho saputo nufinsa na samu labari. L'ho conosciuto nufinsa mun haɗu karo na farko. In kina son "da ma na sani" ko "da ma na san shi", lo sapevo da lo conoscevo za ki ce. "Na gane" ne ya dace da namu cif, ho capito.

Dovere, potere da volere ma suna sauya launi. Dovevo andare, ya kamata in je, ba a faɗi ko na je ba. Sono dovuta andare, dole ta sa na je. Volevo kuma a kanti ko ofis ba ya nufin jiya, ladabi ne: volevo un'informazione, kamar namu "da ma wata tambaya ce da ni".

Tambaya: Na bi dokar -uto na rubuta "ho prenduto" da "ho scrivuto", manhajar wayata ta ƙi karɓa. Daga wani tela, Tudun Wada.

Amsa: Maigida, dokar ba ta ƙarya ba, amma a gidan -ere masu karya ta sun fi masu bin ta yawa cikin kalmomin yau da kullum. Ba makawa sai hadda, sai dai kada ka haddace su bisa jerin abacada. Ka tara su bisa amo, kamar yadda kake ware zare launi-launi. Masu -tto: fatto, detto, scritto, letto, rotto, cotto. Masu -so: preso, sceso, speso, chiuso, deciso, perso, corso, da mai s biyu, messo. Masu -sto: visto, chiesto, risposto, rimasto. Masu -rto: aperto, offerto, morto. Masu -nto da -lto: vinto, spento, scelto, tolto. Sai 'yan kaɗaici: nato, bevuto, venuto, vissuto, da stato wanda essere da stare suka yi tarayya a kansa. Ɗinkinka kuwa lafiya lau yake, cucire, ho cucito. Yanka ma, ho tagliato.

Sai hannunka mai sanda kan furuci, don a waɗannan kalmomi bakin Bahaushe ke tuntuɓe. H ɗin ho, hai, ha, hanno ba a furta shi sam, o, ai, a, anno za ka ce. P da f ba ɗaya ba ne a wurinsu: fatto an yi, patto yarjejeniya. V ba b ba ce ba kuma f ba: ho vinto na yi nasara, ho finto na yi kamar. Preso da perso kuma a kiyaye, ho preso i soldi na karɓi kuɗin, ho perso i soldi na yar da su. Baƙi mai ninki kam gado muka yi, wanda ya san bambancin baba da babba ba zai haɗa fato, ƙaddara, da fatto ba.

Tambaya: Na yi ritaya daga koyarwa, ina karanta tarihin Italiya da harshensu don ɗebe kewa. Ina ta cin karo da fu, nacque, disse, ebbe, ban same su a ƙamus ba, littafin koyon da nake da shi ma bai kawo su ba. Daga wani dattijo, Kawo.

Amsa: Baba, ranka ya daɗe, passato remoto ka shiga, littattafan koyo sukan ajiye shi sai an yi nisa. Lokaci ne na kalma ɗaya, ba mataimaki, na abin da ya auku ya yanke daga yau. Da shi ake rubuta tarihi da ƙagaggun labarai da tatsuniya. Ɗanɗanonsa ya yi kusa da na "suka tashi, suka tafi, suka tarar" da muke jera labari da shi, ko da yake namu yana da wasu ayyukan da nasu ba shi da su. Garibaldi sbarcò a Marsala nel 1860. Nel 1861 nacque il Regno d'Italia. Nel 1946 l'Italia divenne una repubblica. Da za a rubuta namu, nel 1917 Kaduna divenne la capitale del Nord, nel 1960 la Nigeria ottenne l'indipendenza.

Masu bin doka ga su: parlai, parlasti, parlò, parlammo, parlaste, parlarono, dormii, dormisti, dormì, dormimmo, dormiste, dormirono. Na -ere wasu siga biyu gare su, credé ko credette. 'Yar alamar da ke kan wasalin ƙarshe ita ce komai, parlo ina magana, parlò ya yi magana. A waya, in aka danne harafin o aka riƙe, za ta fito.

Waɗanda suka tsaya maka masu bauɗewa ne, kuma bauɗewar tana da tsari. A mutum uku kawai suke sauya saiwa: ni, shi ko ita, da su. Sauran ukun galibi suna bin sigar ƙamus. Prendere: presi, prendesti, prese, prendemmo, prendeste, presero. Ke nan in ka san ɗaya ka san uku, -i, -e, -ero. Dissi, disse, dissero na dire ne. Ebbi, ebbe, ebbero na avere. Feci, fece, fecero na fare. Nacque na nascere, venne na venire, vide na vedere, scrisse na scrivere. Essere kuwa ya fita zakka gaba ɗaya: fui, fosti, fu, fummo, foste, furono.

A baki kuwa ya danganta da gari. Mutanen arewacin ƙasar, su Milan da Turin da Venis, kusan ba sa furta shi, ko zancen kakanni ne passato prossimo suke sawa. A kudu, musamman Sisili da Kalabriya, ana jin sa har a abin da bai daɗe ba. Taskani, yankin Florence, suna riƙe da duka biyun. Shawararmu, tunda karatu ne a gabanka, ka kashe ƙarfinka kan gane na "shi" da na "su", su ne suka cika shafi. Wanda zai yi magana kuwa, passato prossimo zai kai shi ko'ina a ƙasar ba wanda zai ce ya yi kuskure.

Tambaya: Yaya zan ce "kafin in isa jirgi ya riga ya tashi", da "ban taɓa ba", da "tukuna"? Daga wani ɗan kasuwa, Kasuwar Barci.

Amsa: Alhaji, na farkon trapassato prossimo ne, abin da ya wuce kafin wani abin da ya wuce. Ginin ɗaya ne da passato prossimo, sai dai mataimakin ya koma imperfetto, avevo ko ero: quando sono arrivato, il treno era già partito. Avevo già pagato, na riga na biya. Dokar avere da essere da ta wutsiya duk suna nan yadda suke, la merce era già partita.

Già shi ne "riga", mai shi ne "taɓa", ancora tare da non shi ne "tukuna", kuma mazauninsu tsakanin mataimaki da aikatau. Non yana gaba da mataimaki, shi kaɗai, ba a rufe shi da wani a ƙarshe kamar "ba... ba" namu. Non ho mai visto il mare, ban taɓa ganin teku ba. Sei mai stato a Roma?, ka taɓa zuwa Roma? Non ho ancora ricevuto la merce, ban karɓi kayan ba tukuna. In wakilin suna ya shigo, tsakanin non da mataimaki yake zama: non l'ho ancora ricevuta.